Shekaru Biyun Da Na Ƙirƙira A Takardar Neman Aiki

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da huɗu, na gama bautar ƙasa ke nan, ina zaune gaban mahaifiyata a unguwar Gyadi-Gyadi da ke Kano. Digirina a fannin tallata haja ne, kuma na fita da sakamako mai kyau, shi ya sa na ɗauka aiki ba zai yi min wuya ba. Umma ma'aikaciyar jinya ce. Kullum za ta fita da safe ta bar ni ina duba waya, ta dawo da yamma ta same ni a inda ta bar ni. Wata tara na yi a haka. Duk sanarwar aikin da na gani sai an ce ana son wanda ya taɓa aiki shekara biyu ko uku. Ni kuwa ina tambayar kaina, idan ba wanda zai fara ɗaukata, a ina zan samo shekarun? Sau biyu aka kira ni, na je na tarar ashe yawon talla ne shago-shago cikin rana, babu albashi.

Wata ƙawata da muka yi makaranta tare ce ta ce min gaskiyata ta yi yawa, kowa ƙari yake yi a takardarsa, kuma babu mai bincike. Kwana uku ina juya maganar. Daga ƙarshe na buɗe takardar da ke ɗauke da tarihin karatuna, na rubuta cewa na yi shekara biyu a sashen talla na wani kamfanin kayan sha, wanda ko ƙofarsa ban taɓa shiga ba. Ban gaya wa Umma ba. Na tura takardar, cikin sati biyu wani kamfanin sabulu da man shafawa da ke Tarauni ya kira ni intabiyu, sai na ga kamar dabarar ta ci.

Mutum uku na tarar, maza biyu da wata Hajiya sa'ar Umma a tsakiyarsu. Tambayoyin farko na amsa su tiryan-tiryan, har na ga mazan suna gyaɗa kai. Can sai Hajiyar ta tambaye ni wa ke shugabantar sashen a tsohon wurin aikina. Na fara kame-kame, na ce wani Alhaji ne, sunansa ya kwanta min. Ta cire tabarau ta ajiye, ta ce ita ce ta riƙe sashen shekara shida, sai bara ta bar wurin, kuma ba ta taɓa ganin fuskata ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta ci mutuncina ba, sai ta roƙi mazan su ba mu wuri, sannan ta dube ni ta ce, "'Yata, gurbi biyu muke da shi, ɗaya na waɗanda suka gama makaranta yanzu ne. Yau ba wanda ya kai ki amsa tambaya. Amma wanda zai yi magana da yawun kamfani, ba zan ɗauke shi da ƙarya tun daga bakin ƙofa ba."

Ban hau adaidaita ba, da ƙafa na tako har gida ina share hawaye da gefen hijabi. Na zauna na gaya wa Umma komai. Ta ce a wurin aikinta duk wadda ta rubuta ta ba majinyaci maganin da ba ta ba shi ba, rai take wasa da shi. Ta ce in yi istigfari, in tashi in nemi abin da zan rubuta na gaskiya.

Washegari na tafi kasuwar Tarauni wurin gwaggona mai shagon yaji da daddawa da garin kunu, shagon da a da nake jin ya yi wa mai digiri ƙanƙanta. Na ce ta bar ni in riƙa tallata mata kaya. Ta yi dariya, amma ta yarda. Na lura ɗalibai da ma'aikatan asibiti ba sa son kwano guda, ƙaramin ƙulli mai tsafta suke so, sai muka fara zubawa a ƙananan robobi da suna a jiki. Ina ɗaukar hoto ina turawa abokan aikin Umma, ina kai musu da kaina. Wasu dabarun nawa sun faɗi warwas. Gwaggo kuwa, da ba ta taɓa shiga aji ba, ita ta koya min yadda ake gane mai saye daga mai tayawa kawai. Yanzu shekara guda ke nan. Na je intabiyu huɗu tun daga lokacin, har yau ban samu ba, amma a kowanne na zauna ina kallon mutane ido cikin ido, kuma ba zan fasa zuwa ba.

Abin da na koya shi ne, rashin aikin bai ƙona min rai kamar yadda sanin cewa da hannuna na rufe ƙofar da Allah ya buɗe min ya ƙona ba. 'Yan'uwana masu neman aiki, na san zafin zaman jira, na san yadda tambayar dangi ke huda zuciya. Amma masu wannan harka a Kano duk sun san juna, kuma ba ka san wa zai zauna gabanka ba. Kada ku rubuta abin da ba ku yi ba. Ku je ku yi shi, ko da a shagon daddawa ne.