Askar Kaka

Gobe sunan ɗana, kuma ni zan yi masa aski. Na zazzage zabirar marigayi Kaka, wanzamin unguwarmu a Daura, sai ga askarsa duk tsatsa. Da jar fatar mariƙin na gane ta.

"Reza ta cika kanti yanzu," in ji Inna. "Kada ka yanka mini jika."

Na wuni ina wasa ta a dutse. Sai na tuna hannun Kaka na hagu, sumul ba gashi. Ina yaro na tambayi dalili, ya gwada aska a wurin, ya ce, "Fatata tukuna, kafin ta ɗan wani."

Na naɗe hannun rigata, na ɗora askar a kan fatata. Allah Ya haskaka kabarinka, Kaka, Ya ba ni natsuwar hannunka gobe.