Malam Tanko Mai Labule da Yadin da Aka Ce Ya Ci

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kaura Goje zuwa Nassarawa GRA da hantsi ya san wani dattijo a kan tsohon babur, tef ɗin awo rataye a wuyansa, fensir soke a gefen hula, ƙunshin yadi ɗaure a bayansa. Malam Tanko ke nan, telan labule. Bayan sallar asuba yakan buɗe shago, ya ɗiga wa keken ɗinki mai, ya taɓa yadin da ya shanya jiya ya ji ko ya bushe, sannan ya nufi otal ɗin da ke jiransa. Shekara talatin da huɗu ya yi a haka. A watan jiya ya ajiye almakashi, domin ido ya fara gaza masa, ya miƙa shagon ga ƙaninsa Ɗanladi. Ba a yi masa taro ba, kuma dubban baƙin da suka yi barci a bayan labulensa ba su taɓa jin sunansa ba.

Na san shi ne lokacin da nake manajan wani otal a unguwar nan, mallakar wani attajiri, Alhaji Badaruddeen. Abin da na fara lura da shi shi ne ba ya karɓar awo ta waya. Sai ya zo da ƙafarsa, ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya tambayi ta ina rana take faɗowa da la'asar. Tagar da ta kalli yamma yakan yi wa labulenta shafi mai kauri daga baya, don kada rana ta cinye launin yadin, kada kuma ta tashi baƙon da ya sha tafiya. Zauren taro yana son yadi mai nauyi da tattara uku-uku a sama, ofis kuwa yadi sakayau wanda haske zai ratsa. A kowace kusurwa ta ƙasa yakan ɗinke 'yar darma, don kada iskar fanka ta ɗage labule ta tona abin da ke ciki.

Talatu, wadda ta shekara ashirin tana shugabantar masu gyaran ɗakunanmu, ta shaida mini abin da ta gani da idonta. Idan ya gama rataye labule, sai ya sa ta kunna fitila ta tsaya a bakin taga, shi kuma ya sauka tsakar gida ya ɗaga kai.

"Motsa hannunki, Talatu!"

"Malam, rawa za ka sa ni da tsufana?"

"In na hango rawar, aikina bai yi ba. Matan mutane ne za su kwana a nan."

Idan ya ga ko da inuwa, sai ya sauke labulen ya koma da shi shago. A wurinsa labule sutura ce kafin ya zama ado.

Amma babbar ƙa'idarsa ita ce jiƙo. Ba ya sa almakashi a sabon yadi sai ya tsoma shi a ruwa, ya shanya, ya rataye shi kwana uku. Ya taɓa ce mini, "Tsawon da kake gani a kanti ba nasa ba ne, Manaja. Sai ya sha ruwa za ka san abin da ka saya." A kan wannan ƙa'ida ce na zalunce shi.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce muka gina sabon ɓangare mai ɗaki ashirin da huɗu. Aikin gini ya yi jinkiri, ga wani babban taro da na riga na yi wa alkawarin ɗakunan, saura kwana shida. Na kira Malam Tanko na ce ya yanka yadin yadda yake.

Ya ce, "Manaja, wannan auduga ce. Ranar da aka wanke ta, za ta tsuke."

Na ce ba ni da kwana ukun da zan ba ruwa. Ya maimaita, na maimaita, na kuma ɗaga masa murya. Ya ɗauki yadin ya tafi. Ranar da aka buɗe ɓangaren, kowa yana yaba labulen, ni kuma ina karɓar yabon.

Bayan wata huɗu aka yi musu wankin farko. Da aka mayar da su, kowane labule ya ɗage daga ƙasa kusan taƙi guda, haske yana kwararowa ta gindinsa. Alhaji Badaruddeen ya sa aka kira telan, ya tsayar da shi a farfajiya a gaban ma'aikata da direbobin baƙi.

"Tanko, ina yadina? Na ba ka amana, ka datse, ka kai gida! Halinku ke nan, teloli."

Ina tsaye a gefensa, riƙe da makullai. Malam Tanko ya dube ni sau ɗaya. Kallon bai daɗe ba, amma ya ishe ni in buɗe baki, sai na sunkuyar da kai. Ya juya wurin Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu."

Ya zauna a barandar nan da reza yana farke kalmasar kowane labule. Ashe tun ranar da na tilasta masa, ya naɗe yadi fiye da taƙi a cikin kalmasar ƙasa, domin ya san ranar nan tana zuwa. Ya saki naɗin, ya sake kalmasawa, labulen suka koma suna shafar daɓe. Da Alhaji ya gani, cewa ya yi, "Ka ga ni? Da aka matsa masa, ya fito da shi." Bai ƙara kiransa aiki ba. Maganar ta bi otal-otal ɗin GRA ta bakin direbobi da masu gadi, har manajoji suka riƙa gargaɗin juna cewa telan Kaura Goje gwani ne, amma a auna yadi kafin a ba shi. Na ji an faɗi haka a gabana fiye da sau goma, ban taɓa cewa uffan ba. Manyan wurare suka janye, ya koma ɗinka wa ƙananan masaukai da gidajen abinci a Hotoro da Gawuna, yana jiƙa musu yadi kwana uku kamar dai na fadar sarki ne.

Malam, kai ne ka rufe ɗakunan baƙi daga idon waje, kai ne kuma ka rufa mini asiri alhali ni na jawo tonon naka. Kai ne aka kira ɓarawon yadi a ranar da yadin yake kwance a inda ka adana wa mai shi. Gwanin kalmasa, mai riƙon amana, ban san sunan da ya fi wannan dacewa da kai ba.

Da na ji ya ajiye aiki, na je Kaura Goje. Na same shi a kan benci a ƙofar shago, ƙarar keken Ɗanladi tana fitowa daga ciki. Tun ban gama sallama ba ya gane muryata.

"A'a, Manaja Ja'afaru! Yau kuma kwana nawa ka ba mu?"

Na kasa dariya. Na durƙusa na nemi gafararsa, sannan na tambaye shi abin da ya hana shi faɗin gaskiya a ranar.

"Na duba ne na gani. Ni in an kore ni, da kekena zan tafi. Kai fa? Kujerar ma ba taka ba ce, ga 'ya'ya a makaranta. Amma kada in yi maka ƙarya, na jira ka. Shekara ɗaya, shekara biyu, duk motar da ta tsaya a layin nan sai na leƙa."

Ya ce ya daɗe da yafewa, sai dai akwai sauran magana. A makon da ya wuce wani manaja ya kawo wa Ɗanladi aiki, ya warware yadin a bakin shago yana aunawa a gaban maƙwabta.

"Keke na ba shi, Manaja, ban ba shi sunan ɓarawon nan ba. A gaban mutane aka faɗa. In gyara kake so, a gaban mutane za ka gyara."

Daga wurinsa gidan Alhaji Badaruddeen na wuce, na faɗa masa komai. Da na gama, tsohon ya ce in dawo ranar Juma'a in raka shi Kaura Goje. Saura ku, masu karatu, musamman masu otal da manajoji da direbobin da suka ɗauki maganar suka yaɗa. Ga ta daga bakin wanda ya fi kowa sani: Malam Tanko bai taɓa cin ko zare ɗaya na yadin nan ba. Ni na hana shi jiƙo, shi kuma ya tanadi gyaran kuskurena tun kafin ya bayyana.

Na gode, Malam. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idonka haske, Ya suturta ka duniya da lahira kamar yadda ka suturta bayinSa. Masu sana'a su yi koyi da kai wajen riƙe ƙa'idar aiki ko da mai aikin yana gaggawa. Mu kuma masu ba da aiki mu saurari wanda ya fi mu sani, kuma idan aka ɗora wa wani laifinmu, mu yi magana tun yana tsaye a farfajiya.

Wanda zai kai wa Ɗanladi yadi, ya bar tef ɗinsa a gida, ya kuma ba shi kwana ukunsa.