Buhun da Yaya Ta Cika da Hannunta

Ranar da Yaya ta tafi ganin likita, 'ya'yanta biyu suka kawo mota suka kwashe ɗakinta kaf, suka kai juji. Ba su tambaye ta ba, ni ƙanwarta ma ba su tambaye ni ba.

Yaya tela ce. Da keken ɗinki ta raine su bayan rasuwar mahaifinsu. Tun tana aiki ba ta yar da ƙyalle, takan ce, "Bar shi, wata rana zai yi amfani." Da ido ya gaza ta ajiye keke, sai halin ya zama ciwo. Ba ta iya wuce masu gwanjo hannu wofi: maɓallai, mataccen zif, takalmi wari guda. Gadonta ya nutse a cikin kaya, ta koma kwana a kujera. Maƙwabta suka laƙaba mata Zai-yi-amfani.

Ni na ja ta wurin likitar ƙwaƙwalwa. Yaya ta ce, "Ke, mahaukaciya kika mai da ni?" Na ce, "Da mahaukaciya ce ke, ai da kin fi sauƙin sha'ani." Ta yi dariya, ta biyo ni.

Likitar ba ta ce a zubar da komai ba. Cewa ta yi Yaya ta riƙa shiga kasuwa, ta ɗauki abu, ta juya shi, ta mayar, ta tsaya har zuciyarta ta lafa. Da idona na ga gumi yana keto mata a gaban tulin tsofaffin labule. Amma ta ajiye. In mun dawo sai ta buɗe mini tafukanta a bakin ƙofa, kamar yaron da aka sa wanke hannu: "Kin gani, sarkin matsi? Ba komai."

Akwai buhu guda da ta daɗe tana cikawa, ƙyalle bayan ƙyalle, wanda ta yarda za ta fitar da kanta. Har da shi 'ya'yan suka haɗa.

Da ta tarar da ɗaki fayau ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ina buhuna? Ai ni zan kai shi."

Babban ya ce, "Mama, hutar da ke muka yi."

Washegari ta shigo da kwali a ka. Yanzu har a bola take tsinta. Ta rantse ba ta ƙara taka asibiti, wai da likita aka haɗa baki aka fitar da ita. Ni ma in ta gan ni, baya take kai hannuwanta.

To ku ji ni, ku biyun, garin neman gira kun rasa ido. Ku dawo mata da mabuɗin ɗakinta da kuka sa aka yanko. Ku durƙusa ku faɗa mata cewa ba ruwan likita, ba ruwana, aikinku ne. Sannan ku raka uwarku asibitin nan da ƙafarku, ku zauna ku ji abin da kuka rushe.