Hawa Huɗu da Jaka a Baya

Mijina ya yi shekara ashirin da shida yana auna kaya a wani sito, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Sikeli, har da ni idan ya ba ni haushi. Mutum ne da bai san "kusan" ba. Ka ce masa buhu ya cika, sai ya ɗan ɗaga shi ya ce saura rabin kilo, kuma in aka ɗora a sikeli haka ɗin ne. Zama da irin wannan mutum sai mai haƙuri, ni kuwa nawa kaɗan ne.

Abu ɗaya ke faranta masa rai a duniya. Sau biyu a shekara shi da abokansa biyar sukan goya jakunkuna su shiga duwatsu a ƙafa, su tafi Asabar da safe su dawo Lahadi da yamma suna ɗingishi. Na sha tambayarsa me suka ajiye a can. Wai iska. Iska! Sai ka ce a gida ruwa muke shaƙa.

A falona ake shirin, ranar Juma'a da yamma. Kowa ya zube kaya a ƙasa: tanti biyu, risho, tukunya, barguna, igiya, gwangwanayen kifi, gorunan ruwa na ƙarfe. Mai Sikeli ya rataye sikelinsa a ƙusar jikin ƙofa ya raba, kowa kilo goma sha huɗu, ba ƙari ba ragi. Ya taɓa sa Dogo, mafi surutu a cikinsu, ya yanke rabin mariƙin buroshin haƙorinsa. Sannan ga dokar da shi da kansa ya kafa: kowa zai goya jakarsa ya hau benenmu, hawa huɗu, sau biyu, ba tsayawa. Wanda ya tsaya ya zauna a gida, don a kan dutse in mutum ɗaya ya gaza, biyar ne za su ɗauko shi. Da dokar nan ya hana amininsa na ƙuruciya tafiya. Har mutumin ya rasu bai sake tako mana gida ba.

Bara numfashi ya fara yi masa gardama. Likita ya ce zuciya ce, kuma ba ta warkewa, sai dai lallaɓawa. A sito aka ɗauke shi daga wurin awo aka ba shi kujera a bakin ƙofa yana duba takardu. Tafiya biyu aka yi ba shi. A ta uku ya ce sai ya je, ko da ita ce ta ƙarshe. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da yayarsa, duk a banza. Daga baya ni ma na koma so nake ya je ɗin. Ina tsoron dutsen, amma na fi tsoron mutumin da ke dawowa daga aiki ya zauna yana kallon bango.

Ran Juma'ar, bayan an gama awo suka fita baranda shan shayi, sai na lallaɓa na zaro gorunan ruwa uku daga jakarsa, na juye su a bahon wanke-wanke, na mayar da su na zuge. Kafinta, wanda ya fi kowa daɗewa da shi, ya shigo ɗaukar sukari ya gan ni sarai. Ya kau da kai ya ɗauki sukarin ya fita.

Ni dai wauta ce ta ɗebe ni. Mai Sikeli ya kama hannun jakar, ko ƙasa ba ta gama bari ba ya ajiye ta.

"Saura kilo uku," ya ce. Ya dube ni. "Maman yara, haka muka yi da ke?"

"To me aka yi? Ruwa ne fa, ba zinari ba!"

Ya je famfo ya cika gorunan da kansa, muna tsaye muna jin ƙarar ruwan.

Suka sauka ƙasa, na bi su. Biyar ɗin suka hau suka sauko suna haki suna tsokanar juna. Shi ne na ƙarshe. Hawa na farko lafiya lau. A na biyu na fara jin numfashinsa daga inda nake. A tsakiyar na uku ya dafa bango ya tsaya, leɓɓansa sun yi fari fat.

"Igiyar takalmi ce ta kwance masa," in ji Dogo. "Ba a lissafa wannan."

"Takalmina a ɗaure yake," in ji Mai Sikeli, da ƙyar.

Kafinta ya ce, "Haba, ɗan'uwa. Dokar nan mu muka yarda da ita, mu za mu ɗage ta. Ni zan ɗauki rabin kayanka."

"Wancan karon wa ya ɗage ta? Har roƙona aminin nan nawa ya yi a kan matakalar nan."

Dogo ya sauke masa jakar, muka hau da shi a hankali. Da ya huta ya sake rataye sikelin, ya zazzage jakarsa, ya raba musu turakun tanti da tukunya da gwangwanaye daidai wa daida. Ya tuna wa Kafinta ashana, ya ce a naɗe ta a leda. Suka yi sallama kowa kansa a ƙasa. Wallahi na so in zage su, amma ban ga laifin kowa ba.

Ina kwashe kofuna ya kira ni, yana zaune a ƙasa inda suka bar shi.

"Tsakaninki da Allah," ya ce, "da ban cika gorunan nan ba, kina ganin da na kai?"

Na tsaya da tire a hannu. Shekara talatin ban taɓa yi masa ƙarya ta wuce ba, yau ma na gwada na gani.

"A'a," na ce. "Ko babu jakar, ba za ka kai ba."

Ya gyaɗa kai. "Ni ma haka na auna."