Inna Bakhita da Ruwan Inabin da Ya Juya

"Ba zan jera su ba, ya Ustaz Hamad."

Haka Inna Bakhita ta faɗa, ba tare da ta ɗaga murya ba, wata ranar Talata ana saura kwana biyar azumin 2014. Tana tsaye a bakin ɗakin sanyi na babban shagon sarin nan da ke bayan Ma'adi, riƙe da kwalbar ruwan inabi ɗaya. A gabanta katan-katan ne jibge har kafaɗarta. Ustaz Hamad, mudirin shagon, wato manaja, wanda a haife ta haife shi, ya zaci ba ta ji da kyau ba ne, sai ya maimaita: a goge kwalaben, a liƙa musu takardar rangwame, uku a kuɗin biyu, a jera su a bakin ƙofa inda masu sayayyar azumi za su fara cin karo da su. Ta ce ai ta ji tun farko, kuma amsar ba ta sake ba.

Duk ɗalibar da ta zauna a Alƙahira a shekarun nan ta san wannan mata, ko da ba ta riƙe sunanta ba. Bahaushiyar Sudan ce, 'yar Mai Wurno, mai wata irin tsohuwar Hausa da Larabci ya ratsa ta ko'ina. Ɗakinta ɗaya ne a saman wani bene a Abbasiya. Da ta idar da sallar asuba take saukowa matakala a hankali saboda gwiwa, ta hau bas, ta sauka ta shiga jirgin ƙasa na metiro, kafin a ɗaga ƙofar shagon tana ciki ta ɗaura rigar aiki a kan tobinta, lafayar matan Sudan. Shekara goma sha tara da wata huɗu tana wannan tafiya. Shagon irin na 'yan kati ne, ba a shiga sai da katin shekara, kuma ba a sayar da abu ɗaiɗai sai da katan. Mu ɗalibai mukan haɗa kai mu takwas ko goma a kan kati ɗaya, mu sayo na wata guda mu raba a falo. Ita kuwa nata layin shi ne na abin sha: zoɓo, tsamiya, mangwaro, kamaruddin, ruwan busassun 'ya'yan itace na azumi, da ruwan inabi fari da ja.

Aikinta a takarda jera kaya ne kawai. Abin da take yi ya wuce haka. Idan ta ga baƙuwar fuska ta miƙa hannu ga doguwar kwalba mai ƙyalli, sai ta matso kamar mai gyara wani abu, ta ce a sunkuya. Abin da ke daidai ido, in ji ta, na mai gaggawa ne. Mai kyau da sauƙi yana can ƙasa kusa da ƙafa. Ta koya mana juya kwalba mu karanta bayanta, mu ga ko inabin ne ya zo farko ko sukari. Ta san wane zoɓo ne ake iya ninka shi da ruwa bai rasa ɗanɗano ba, da wane mangwaro ne kala ce zalla. Akwai wani jan inabi mai mummunar takarda da kowa ke wucewa, ita kuma shi take tura mu gare shi, domin ya fi na kwalbar mai ƙyalli daɗi, ga shi rabin kuɗinsa. Ba a taɓa ƙara mata ko kwabo a kan wannan ba. Sau da yawa ma harara take sha, don mai tsadan ake so ya tafi.

Labarin da aka fi ba da ita da shi shi ne na Malam Nata'ala, ɗalibin shari'a daga Gumel, a watansa na biyu a Masar. An ɗora masa sayo abin sha na walimar wani abokinsa da ya kammala hadda. Ya tsaya gaban wani ma'aikaci, ya gyara hula, ya zuba Larabcin littafi tsantsa, ya ce yana son nabiz, katan biyu. Ma'aikacin ya dube shi tun daga hula har carbi, ya kira na kusa da shi, wannan ma ya kira wani. Kafin a jima mutum biyar sun kewaye shi suna ƙunshe dariya, wani na tambayarsa ja yake so ko fari. Inna Bakhita ta ji shi yana gunaguni da Hausa, ta ajiye katan ɗin hannunta ta ƙaraso.

"Ɗana, nabizin da kuka karanta jiƙon dabino ne. Nibit ɗin mutanen nan kuwa giya ce. Ka zo da gemu da carbi kana neman katan biyu."

"Inna, wallahi haka yake a littafi."

"Littafin bai taɓa zuwa Ma'adi ba. Yalla, biyo ni."

Ta kai shi layin dabino da zabibi, ta zaɓa masa buhu mai sauƙi, ta gaya masa yadda zai jiƙa da yawan ruwan da zai zuba, ta kuma ja masa kunne kada ya bari ya wuce kwana uku, kuma da ya ga kumfa ko ya ji tsami ya hau hanci, ya zubar. Nata'ala ya yi mamaki, ya ce wannan ai shi ne abin da malaman fiƙihu suka rubuta. Ta ce ita ba ta san su ba. A gidansu kowace babbar salla ana haɗa sharbot na dabino, kuma kakarta tana daga tsakar gida take shaƙar iska ta ce tulun can ya fara juyawa.

Wannan hancin ne ya tsaya a bakin ɗakin sanyi ranar Talatar. A bazarar nan wuta ba ta zama, injin ɗakin kuma ya mutu kwana uku ba a samu gyara ba. Ruwan inabin ɗanye ne, matsar gona, ba a dafa shi ba, sanyi kaɗai ke riƙe da shi. Da ta ɗaga kwalba ta ga murfin ya kumbura, ƙananan kumfa sun taru a wuya. Ta murɗa kaɗan, ya yi huci. Ba ta buƙaci ɗanɗanawa ba.

Ustaz Hamad ba mugu ba ne, shi ma akwai na sama da shi da za su tambaye shi katan ɗari uku. Ya nuna mata kwanan watan da ke jikin takarda, ya ce saura mako biyu cif, doka ba ta da abin cewa. Ya kira ta ya Hagga, ya ce ma'alish, ta yi haƙuri, ɗan tsami ne kawai, da ƙanƙara ba mai ganewa. Ta saurare shi har ya gama.

"Shagon nan ba ya sayar da giya," in ji ta. "Idan mun fara, mu rubuta nibit a jiki, mai so ya saya da saninsa. Amma ni ba zan miƙa wa mai azumi wannan ya buɗe baki da shi ba."

Nan ya tuna mata abin da ba ta manta ba. A ƙa'idar shagon, wanda ya cika shekara ashirin ana sallamarsa da kuɗi mai kauri. Wanda aka kora kafin nan, albashin watansa kawai. Saura mata wata takwas. Ita ma a ranta wata takwas ɗin take ƙirgawa tun bara, domin a Mai Wurno ta tayar da ɗaki biyu har sun kai linta, rufi suke jira, kuma da kuɗin nan ta yi niyyar rufe su ta koma gida ta huta da matakala. Ya ɗauka ta sauko. Sai ta mayar da kwalbar cikin katan, ta koma layinta.

Ustaz Hamad ya sa wasu suka jera. Da nan maganar ta tsaya, da wataƙila an ƙyale ta, domin ba hannunta ne ya jera ba. Amma mutane sun saba tambayarta. Hanifa, wata ɗaliba daga Maraɗi, tana wurin a ranar Laraba, ta ga wata Bamisriya mai yara huɗu ta loda katan uku a keken sayayya, ta juyo tana tambayar Hagga Bakhita ko yana da kyau. Inna ta ce mata ya juya, ta sauke, ta ɗauki tsamiya. Haka ta gaya wa 'yan Malesiya, haka ta gaya wa mai gadin wani masallaci da aka aiko sayen kayan buɗa-baki na mutum ɗari. Ba ta yi shela ba, ba ta tare kowa ba. Wanda ya tambaya dai ba ta yi masa ƙarya ba.

Jibrin, direban motar ɗaga kaya, ɗan garinsu ne. Ya same ta a lokacin hutu ya roƙe ta da girman Allah ta ce ba ta sani ba, kalma uku ce kawai, wata takwas kamar gobe ne. Ta ce masa shekara goma sha tara tana cewa ta sani ana yarda da ita, ba ta ga yadda za ta wayi gari jahila ba.

Ranar Alhamis aka kira ta ofis. An rubuta takarda cewa ta yi kuskure a kan kayan, tana neman afuwa. Idan ta sa hannu, za a mayar da ita sito ta ƙarasa watanninta. Karatunta na Larabci a hankali yake, da yatsa take bi. Ta bi takardar har layin ƙarshe, ta ajiye biron, ta cire rigar aiki ta ninke ta a kan teburin. Kafin azumi ya yi mako an kwashe kwalaben daga bakin ƙofa an fita da su ta baya, don sun fara tsiyaya da kansu. Ba wanda ya aika mata da ko gaisuwa.

Inna Bakhita, a tarukan ƙungiyarmu ta ɗalibai ana kiran manyan baƙi a miƙa musu allunan yabo, ba a taɓa kiran sunanki ba. Wasu ma sun ce mai jera kwalabe ba ta kai a ɓata mata takarda ba. Mun ji, ga shi kuma mun rubuta. Ke ce kika karɓe mu da harshen gida a ranar da Larabcinmu ya ba mu kunya. Ke ce kika sa ɗan guzurinmu ya kai ƙarshen wata. Mun zo ƙasar nan neman sanin halal da haram, muka haddace babi-babi, ke kuma kika nuna mana yadda ake tsayawa a kansa a gaban mai biyan albashi. 'Yar Mai Wurno, mai hancin da ba a yi masa wayo, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba gwiwarki lafiya.

Ku kuma 'yan'uwana da za ku koma gida da takardar shaidar karatu, wata ta zama alƙaliya, wani limami, wata shugabar makaranta: ranar da za a miƙo muku taku takardar, ku karanta ta har ƙarshe kamar yadda ta yi, kuma ku san abin da ƙin sa hannu yake ci.

Ga abin da ya ci mata. Ta fita da albashin wata ɗaya. Yanzu, tana da shekara hamsin da takwas, aikatau take yi a wani gida a Mohandessin, shara da wanke-wanke da goge matakala, kwana biyar a mako. Ɗakuna biyun nan na Mai Wurno sun sha damina biyu babu rufi, kuma a watan jiya ƙanwarta ta bugo waya ta ce bango ɗaya ya faɗi. Komawa gida babu ranarta.