Ɗinyar Farko

Jiya na sayi ɗinya a bakin kasuwar Maraɗi. Ban ankara ba sai na ga na ɗauki ta farko na ajiye a ƙasa. Ɗiyata ta ce, "Baba, ruɓaɓɓiya ce?" Hannun dai nawa ne, amma ɗabi'ar ta kakata ce.

Duk hutun lakwal, wato makarantar boko, ƙarshen damina, takan ja ni daga Jiratawa mu bi bakin gulbi har cikin daji. Raɓa na jiƙa mana ƙafa, ƙasa na ƙamshi, kurciyoyi na kuka kamar daga wata duniya. In mun iso gindin wata tsohuwar ɗinya sai ta tuɓe takalmi ta yi sallama, ko da yake ba kowa.

Wata rana yunwa ta sa na kai ta farko baki. Ta riƙe mini hannu.

"Haba maigidana, ta hwarko ta masu daji ce. Baƙo ba ya riga mai gida ci."

Na ajiye. Muka zauna, haske na ɗigowa ta cikin ganye a kan zanenta, har barci ya ɗauke ni a cinyarta.

Bara na kai yarana su ga wurin. Kututture muka tarar, da gero kewaye da shi.

Allah Ya jiƙanki, Kaka. Ya zaunar da ke a inuwar da gatari ba ya kai wa.