Robar tayar baya da na sa aka cire

Salamu alaikum jama'a. Ga ni, ban mutu ba.

Wata uku ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa Umra na tafi, da wadda ta rubuto wai aljanu ne suka shaƙe ni a hanyar Mamudo, duk na gani. To ku ji daga bakin mai ita, tunda bakin ya dawo.

Wanda ya san ni ya san ɗan babur ɗina, roba-roba ja, wanda nake hawa kullum daga Bolewa zuwa Mamudo inda nake koyarwa. Da damina ta zauna, robar nan da ke rufe tayar baya ta tsage. Laka ta riƙa cushewa a ciki, ga ƙara kamar ana jan gwangwani. Abin ya ishe ni, na kai wa Modu makanike na ce ya cire ta gaba ɗaya.

Ya dubi hijabina mai jan ƙasa ya ce, "Malama, da wannan hijabin? Ki bari in ɗaure ta da waya kafin a samo sabuwa."

Na ce, "Modu, babur ɗinka ne ko nawa?"

Ya cire, ya rataye ta a ƙusa.

Kwana tara tsakani, ina dawowa daga makaranta, sai na ji kamar wani ƙato ya fizgo ni ta baya. Taya ta naɗe hijabin, hijabin ya shaƙe ni, na faɗi. Wasu manoma ne suka yanke shi da wuƙa. Na tashi ina kakkaɓe jiki, har da yi musu mitar hijabina sabo ne. Ku ji fa!

Na koma gida da ƙujewa a gwiwar hannu, na ce shi ke nan. Da la'asar haɗiyar yawu ta fara yi min zafi, murya ta dushe kamar mai mura. Na sha shayi da citta.

Washegari na buɗe baki in kira 'yata Hanifa, babu abin da ya fito sai iska. Numfashina yana fito. Maigidana ya tari keke mai ƙafa uku muka yi asibiti.

Likita ya duba wuyan ya ce, "Tun jiya kike zaune a gida da wannan?" Aka sa min iskar numfashi, ga ƙarin ruwa, ga allurai. Hoton wuya kaɗai ya ci kuɗin da zai sayi robar nan goma.

Bayan kwana uku aka tura mu Damaturu. Can aka zura min wata siririyar waya mai kyamara ta hanci. Wayyo, kada Allah ya maimaita. Likitan ya ce maƙogwaron ya bugu, ya kumbura sosai. "Mako shida ba magana, ko raɗa. Kika karya doka, muryar na iya tafiya ke nan."

Na rubuta masa a takarda: zan koma aji? Ya ce, "Sai mun gani."

A nan tsoro ya kama ni da gaske. Shekara goma sha biyu da murya nake cin abinci. Malama ba murya, me za ta yi a gaban yara sittin?

Amma wallahi ciwon bai ba ni haushi kamar 'yan dubiya ba. Yayata, Ya Falmata, ita ta zama bakina, kuma kowane baƙo da irin labarin da take ba shi. Ran nan ina kwance na ji tana cewa wai makanike ne ya sace robar ya sayar. Na buga gado, na rubuta a takarda na miƙa mata, ta ce ba ta zo da tabarau ba. "Kwanta, ga shi ciwon ya motsa miki." Ashe sau biyu Modu yana zuwa gaishe ni tana korarsa daga ƙofa.

Shi kuwa Baban Hanifa cewa yake, "Kai, gidan nan ya yi daɗi, shiru." Da filo na jefe shi.

Na yi kuka ranar da na tayar da salla ban ji Fatiha a kunnena ba.

Da mako shida ya cika aka sake zura kyamara. Likita ya ce in ce "aa". Wani sauti ya fito kamar na ɗan zakara mai koyon cara. Na juya na ga mai son shirun nan yana share ido da hularsa.

Muryar ta dawo, alhamdulillahi, amma a dushe, kuma an hana ni tsawa. Na koma aji makon jiya.

Na gode wa manoman nan da ban san sunansu ba, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a. Har da Ya Falmata, ita ta wanke ni ta ciyar da ni.

Mata masu hawa babur, ku tattare hijabi ku zauna a kansa. Kada ku hau wanda tayarsa ke tsirara. Wanda ya bugu a wuya, ko yana dariya, ku kai shi asibiti a ranar, citta ba ta yi.

Jiya na je garejin Modu, na tarar da mutane cike. Na tattaro 'yar muryata na ce, "Modu bai saci komai ba. Ya hana ni, na ƙi ji."

Ya kasa kunne ya ce, "Malama, ban ji ba."

Ya ji sarai. Na maimaita. Sai ya miƙa hannu ya sauko da robar daga ƙusar da ya rataye ta, ya ɗauko waya.